Daga Maƙera Zuwa Kwamfuta: Ɗalibai Masu Ƙera wa Masana Kayan Aiki

Tarihin baka ya nuna cewa daga cikin waɗanda suka fara zama a gindin dutsen Dala akwai Abagayawa, watau maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama. Maƙeri ba shi ke noma gonar ba, amma in babu fartanyarsa manomi ba shi da ta cewa. Haka nan ɗan maƙera ba ya gwanancewa da jin bayani kawai, sai ya zauna kan zuga-zugi ya kuma riƙe masaba. Irin wannan dangantaka ce ke tsakanin ɗalibin kimiyyar kwamfuta da mai bincike. Kayan aikin da ɗalibin ke ƙerawa shi ake kira manhaja, watau jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta gudanar da wani aiki.

Inda Ake Koyon Sana'ar

A Wudil, maƙwabciyar Gaya, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kano wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. A can da Jami'ar Bayero ana koyar da kimiyyar kwamfuta. Hanya biyu ce ke fitar da ɗalibi daga aji zuwa fagen aiki. Ta farko ita ce shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 domin ɗalibai su yi watanni suna koyon aiki a ma'aikatu. Ta biyu kuwa ita ce aikin kammala digiri na shekarar ƙarshe. Idan aka ɗora waɗannan a kan buƙatar wani mai bincike na gaskiya, sai kowa ya amfana: masani ya sami kayan aiki, ɗalibi ya sami gogewa.

Yadda Aikin Yake

A ɗauka wani masanin aikin gona yana son sanin yawan gero da dawa da wake da ake samu a ƙauyukan Gaya da Ajingi. A da, sai ya tura ma'aikata da takardun tambayoyi, a cike da hannu, sa'an nan a kwafe cikin kwamfuta. Kowane kwafi ƙofa ce ta kuskure. Ɗalibin da aka ba aikin zai fara ne da saurare, don ya gane ainihin abin da masanin ke nema. Daga nan ya tsara tambayoyin, ya rubuta manhajar, ya fita da ita ƙauye a gwada, ya dawo ya gyara.

A wurin gwajin ne ake samun darasin da babu shi a allo. Manomi ba ya lissafin amfanin gonarsa da kilo. Da dami yake yi, ko buhu, ko tiya, kuma damin wani gari bai kai na wani ba. Dole manhajar ta karɓi ma'aunin da manomi ya sani, ta juya shi zuwa kilo bisa awon da aka yi a wurin. Haka batun faɗin gona: hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, saboda haka in aka rubuta eka a gurbin hekta, lissafin yabanya zai karkace har ninki biyu da rabi. Akwai kuma haruffa masu ƙugiya, irin su ƙ da ɗ da ɓ. In wani ya rubuta sunan ƙauye da ƙugiya, wani ya rubuta babu, kwamfuta za ta ɗauka ƙauyuka biyu ne. Bugu da ƙari, ba ko'ina ake samun intanet ba, don haka tilas manhajar ta ajiye bayanai a cikin waya har a iso inda za a aika.

Misali Daga Waje

Wannan matsala ta ƙarshe ɗalibai ne suka taimaka aka warware ta. A 2008 wasu ɗaliban digirin digirgir na Jami'ar Washington a Amurka, cikinsu har da Yaw Anokwa da Carl Hartung, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gaetano Borriello, suka fara gina manhajar ODK, wadda ke tattara bayanai a wayar Android ko babu intanet. Suka bar ta kyauta, kowa na iya duba cikinta ya gyara. Ma'aikatan lafiya sun yi amfani da ita a yaƙi da cutar shan inna a Nijeriya, yaƙin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta 2020.

Amana da Gado

Abu biyu ne ke raba aikin ƙwarai da na neman maki. Na farko amana: sunan manomi da abin da ya mallaka sirrinsa ne, ba a ɗauka sai da yardarsa, ba a kuma barin su a fili. Na biyu gado: ɗalibi zai kammala ya tafi, manhajar ta zauna. In bai rubuta bayanin yadda take aiki ba, ranar da ta sami tangarɗa ranar ta mutu.

Ɗalibin sakandare mai sha'awar wannan fanni ya riƙe lissafi da kyau, ya koyi rubuta bayani dalla-dalla. Malami kuwa yana iya fara horar da ajinsa ko babu kwamfuta. Ya sa su tsara tambayoyi goma kan amfanin gonar gidajensu, su tattaro amsoshi, su gano da kansu inda ma'auni ya saɓa. Yaron da ya gano cewa dami ba ɗaya ba ne da dami, ya riga ya ɗora hannu a kan masaba.