Ɗinya a Gonakin Makoɗa

A ƙasar Makoɗa, arewacin Kano, gona na manne da gona, babu sauran daji da za a ce na kowa ne. Duk itacen da ka gani tsaye a tsakiyar gero ko gyaɗa, wani ne ya ga dama ya bar shi. Ɗorawa da tsamiya da kuka kowa ya san dalilin barinsu, kuɗi ne tsaye. Ɗinya kuwa ba kasafai ake dasa ta ba, domin ƙwallonta na da taurin tsiro, sai dai manomi ya tarar ta fito da kanta, galibi wajen da ƙasa ke riƙe laima, ya kauce mata da fartanya.

Ba ta da wuyar ganewa. Ganyenta biyar-biyar ne a kan sanda ɗaya kamar yatsun hannu, kuma in ta samu wuri takan kai mita 15 ko fiye. Furenta ƙanana ne, farare da ɗan shuɗi. Ƙudan zuma na son furen ɗinya, shi ya sa masu amya ke son ɗaura ta a rassanta.

Amfaninta na farko yana zuwa ne da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai ta fitar da sabon toho mai laushi, shi ne ɗinkin. Mata su tsinko, su dafa, su tsane ruwan, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da gishiri. Yana da ɗan bauri, kuma wanda bai saba ba yakan yatsine fuska, amma kwaɗon ɗinkin ya riƙe gidaje da dama kafin rama da zogale su wadata.

'Ya'yan kan fara kore da ɗigo-ɗigon fari, sai wajen ƙarshen damina su koma baƙi wuluk. A nan al'ada ta raba abu biyu. Itacen na mai gona ne, ba a hawa a kaɗa sai da izininsa, amma abin da ya faɗo ƙasa da kansa ba a hana yaro tsinta. Da sassafe za ka ga yara da kwanoni suna rige-rige zuwa gindinta, su dawo da haƙora da harshe baƙi ƙirin, babu damar musun inda suka je. Wadda ta faɗo ɗanya ba a yar da ita, rufe ta ake yi a tukunya ko a toka har ta nuna. Ragowar kuma 'yan mata su auna a gwangwani su kai talla, ko a kai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne maɗi. A jiƙa nunanniyar ɗinya, a murje ta a raba da ƙwallo, a tace, sannan a ɗora ruwan a wuta ana juyawa har ya yi kauri ya yi duhu. Da shi ake zaƙaƙa kunu da fura, da shi ake alewa, tun kafin sukari ya cika kasuwa. A ganina zaƙinsa ya fi na sukari ma'ana, domin yana tafe da ƙamshi.

Masu maganin gargajiya na jiƙa saiwa ko ɓawonta don gudawa da atini. Masassaƙa kuma na son itacenta saboda rashin nauyi, suna fafe ganga da kujerar mata. Matsalar ita ce mai sassaƙa da mai itacen girki babba suke nema, kuma tsiron da zai maye gurbinta awaki kan cinye shi da rani, lokacin da aka saki dabbobi cikin gonaki.