Barata ta Wurin Bangaskiya a Koyarwar Kirista

Kiristoci Hausawa na kudancin Kano, waɗanda da yawansu mabiya ikilisiyar ECWA ne, sun gaji koyarwar da Martin Luther ya ɗaukaka a Jamus tun 1517, wato barata, wadda ke nufin Allah ya ɗauki mai zunubi a matsayin mai adalci saboda mutuwar Yesu Almasihu, ba don ladan aikinsa ba. Wannan kyautar da ba a cancanta ba ita suke kira alheri, bangaskiya kuwa ita ce karɓarta. Misalin da ya fi kusa da manomin shinkafa na Kura ko Bunkure shi ne ruwan madatsar Tiga, wadda ba shi ya gina ba, amma sai ya buɗe masa hanya kafin gonarsa ta sha.