Komai ya tashi a Tarauni, ban da kuɗin dizain

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Tun kafin nan fetur, wanda bai kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023, ya haura naira dubu. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. A Tarauni da ke Kano, mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi ya ƙara kuɗi, mai adaidaita sahu ya ƙara, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya ƙara. Amma duba tallar matasan da ke zane a kwamfuta a WhatsApp, har yau za ka ci karo da fulaya dubu ɗaya, tambari dubu biyu. Yaron da ya fara sana'a da wannan farashi asara yake tafkawa kullum, bai dai sani ba.

Lissafin ba shi da wuya. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano tun ƙarshen 2024 naira 71,000 ne. Mai karɓar dubu biyu kan kowane aiki sai ya samu ayyuka 36 a wata, kowanne an biya shi cif, kafin ya kamo ma'aikaci mafi ƙanƙanta, kuma bai cire data ba, bai cire caji ko man inji ba. Sabon shiga nawa ne ke samun kwastoma 36 a wata?

An fi ɗora laifin a kan manhajojin Canva da PixelLab, yanzu kuma a kan ƙirƙirarriyar basira. Suna da nasu kason, domin duk mai wayar Android zai iya haɗa katin suna cikin minti goma. Shirye-shiryen koyar da fasaha irin su 3MTT na gwamnatin tarayya, da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023, su ma sun ƙara yawan matasa a harkar kwamfuta. Sai dai arahar dizain a Kano ta girmi waɗannan duka.

Tushenta yana shagon buga takardu. A Kano sana'ar nan ta tashi ne a gefen injin ɗab'i: katin biki, kalanda, sitika, bana, fostar fim ta ofisoshin titin Zoo Road, fostar ɗan takara. Kwastoma yana biyan kuɗin takarda da tawada da adadin kwafi, yaron da ke zaune gaban CorelDraw kuma yana tsara aikin a matsayin gyara, irin wanda mai tumatir ke ƙara wa mai saye. Mai shago bai damu ba, ribarsa tana cikin bugu. Shekara da shekaru a haka, jama'a suka saba cewa abin da ake riƙewa a hannu shi ake biya. Da talla ta koma Instagram da WhatsApp, takarda ta fita daga cinikin, sai ya rage zanen kaɗai, wato daidai abin da ba a saba biya ba. Matashin da ya bar shago ya tsaya da ƙafarsa ya fito da kwamfutarsa, ya kuma fito da farashin gyara.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sabon shiga ba ya ganin abin da yake kashewa. Yana kwana a gidansu, yana cin abincin gida, kwamfutar yayansa ne ya saya masa, manhajar kuma ta sata ce. Don haka duk dubu biyun da ta shigo riba yake ganin ta. Ba zai gane ba sai ranar da allon kwamfutar ya mutu, ya je neman wani a farashin da ke bin dala. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Kano da yawancin Arewa suka shafe fiye da mako ba wutar lantarki, duk wanda ya ci gaba da aiki da fetur ya yi shi, kuma da wuya a samu wanda ya saka wannan a kuɗin aiki.

Sai kunya. Kwastomomin farko 'yan'uwa ne da maƙwabta da abokan makaranta. Idan Hajiya ta ce, "Ɗana, ɗan haɗa mini na turaren wutar nan, ai ba zai ɗauke ka lokaci ba," bakinsa ba zai iya faɗar kuɗi ba. Zai ce, "A ba da ko nawa ne." Daga nan kuma a canza kala, a ƙara girman hoto, a mayar da shi yadda yake da farko, aikin awa ɗaya ya ci kwana biyu a kan kuɗi ɗaya.

Akwai masu cewa araha ita ce ƙofar shiga, kuma mai sayar da atamfa ko kek daga gida, bayan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a ƙarshen 2024, ba za ta iya biyan dubu goma kan fulaya ba. Gaskiya ne, kuma ba laifi mai koyo ya yi ayyuka kaɗan da sauƙi don ya tara abin nunawa. Amma rangwamen da ba a faɗa wa kwastoma cewa rangwame ne ba shi ke zama farashi na dindindin, kuma ita kanta mai kek ɗin ta ƙara kuɗi da fulawa ta tashi.

Sakamakon yana bayyane a allunan shaguna daga Court Road zuwa titin Maiduguri: tambura masu kama da juna, rubutun Hausa babu ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ, hotunan da aka kwaso a intanet. Wanda aka biya dubu ɗaya ba zai zauna ya yi tunani ba, samfurin jiya zai ɗauko ya sauya suna. Waɗanda hannunsu ya faɗa kuwa sukan juya ga kamfanonin Abuja da Legas ko aikin ƙasashen waje, su bar ɗan kasuwar Kano da masu koyo. Da yawa kuma suna watsar da sana'ar kafin su ƙware.

Mai farawa ya kamata ya soma lissafi daga aljihunsa, ya bar duba tallar maƙwabci. Ya tara kuɗin data da wuta da zirga-zirga na wata, ya ƙara abin da zai riƙa ajiyewa don sauya kwamfuta, ya ɗora albashin da yake ganin ya dace da shi, sannan ya raba da yawan ayyukan da yake samu a zahiri. Ƙasa da wannan adadi, cin uwar kuɗi ne. Tambari, da za a yi shekaru ana amfani da shi, kada ya zo kusa da kuɗin fulayar kwana ɗaya. Idan aikin ya haɗa da bugu, a rubuta kuɗin zane daban da na bugu. A faɗi sau nawa za a yi canji kyauta. A kuma karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabi, musamman a ayyukan zaɓen 2027, domin ɗan takarar da ya faɗi zaɓen fitar da gwani ba ya ɗaga wayar mai fosta.