Gilashin da Ke Zama Labule da Kansa

A Birnin Tudu, da sauran garuruwan noman rani na Bakolori tsakanin Bakura da Talata Mafara da Maradun, tsohon gini ba ya son taga. Katangar tubali ce mai kauri da rufin azara, sai 'yar ƙaramar kafa can sama don iska. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma magini yakan kauce da ƙofar ciki yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Abu biyu maginan nan suke tsarewa, sanyin ɗaki da suturar iyali. Yau mai sabon gidan bulo yana sa manyan tagogin gilashi, kafin ya tare kuma ya sayo labule mai nauyi ya toshe su, tagar da aka kashe wa kuɗi ta shekara ba a buɗe ta ba.

Akwai wani gilashi da aka ƙera don wannan matsalar. Ka danna makunni ya zama garau, ana gani ta cikinsa. Ka sake dannawa ya yi fari dishi-dishi, haske na shiga amma ido ba ya ratsawa. A tsakanin fallen gilashi biyu ake shimfiɗa wata siririyar leda mai ɗauke da ɗigo-ɗigon ruwan kiristal, dangin abin da ke cikin fuskar wayoyi da talabijin da yawa. An shafe fuska biyu na ledar da wani sinadari da lantarki ke bi amma ido ba ya ganinsa. Idan babu wuta, ƙwayoyin kiristal ɗin kowace da inda ta fuskanta, hasken da ya shigo sai ya tarwatse. Da an saki wuta sai su miƙe su fuskanci waje guda, kamar jama'ar da ke warwatse a filin idi aka ce a daidaita sahu, haske ya sami hanya ya wuce. Ana yin wannan kafin ƙiftawar ido.

Ilimin ya daɗe. Wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya fara lura da ruwan kiristal a 1888, sai a shekarun 1980 James Fergason da masu bincike a Jami'ar Kent da ke Ohio ta Amurka suka gano yadda za a kulle shi cikin leda. Duniya ta fi jin labarinsa a 2020, lokacin da mai zanen gine-gine Shigeru Ban ya gina banɗakunan jama'a da shi a unguwar Shibuya ta Tokiyo. Daga waje kana ganin ko wurin da tsabta, ko wani ya laɓe a ciki. Kana shiga ka murɗa sakata, bangon ya rufe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne halinsa idan an ɗauke wuta. Ganin garau shi ke cin lantarki, kimanin wat 5 a kowace murabba'in mita, rufewa kuwa kyauta ce. A ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne: janareta ya mutu, batirin sola ya ƙare, wanda ke ciki asirinsa a rufe yake.

Sai dai mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka cewa wannan gilashin ba maganin zafi ba ne. Tarwatsa haske yake yi, ba ya mayar da mafi yawan zafin rana baya. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Zamfara, ɗakin da ke da babbar taga ta yamma zai gasa mai shi ko gilashin ya yi fari ko bai yi ba. Mai rage zafi wani iri ne daban, wanda ake shafa wa sinadarin tungistin, lantarki kaɗan ya sa ya yi duhu a hankali, a manyan tagogi har sai an jira mintuna. Wanda ya hau jirgin Boeing 787, da ya fara ɗaukar fasinja a 2011, ya ga ɗan'uwansa: tagar ba ta da marfi, maɓalli ne kawai. Shi kuma mai duhun ba ya ɓoye mutum sosai, musamman da dare idan fitila na kunne a ciki. Ko farin ma yakan nuna inuwar wanda ya matso jikinsa. Ga tsada, har wani babban kamfanin wannan sana'a a Amurka, View, ya bayyana karyewarsa a 2024. Kuma a yankin da mutane ke kwana da fargabar 'yan bindiga, babu wanda zai musanya katanga da gilashi.

Don haka ban ga dalilin da manomin shinkafa ko ɗan kasuwa a Bakura zai sa shi a gidansa ba. Baranda mai faɗi, bishiyar dogon yaro a yamma da gida, da taga madaidaiciya sun fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Inda nake ganin ya cancanci kuɗinsa shi ne asibiti. Duk wanda ya yi jinya ya san yadda ake yi: mace na naƙuda ko likita na duba ta, an ja labule guda wanda hannu ɗari ya taɓa, ya sha ƙurar hunturu, wani lokaci ma bai kai bango ba. Akwai matan karkara da kunyar wannan kaɗai take sa su gwammace haihuwa a gida. Labulen asibiti kuma matattarar ƙwayoyin cuta ne, wanke shi sai an sauke, gilashi kuwa ana goge shi da magani a kowace safiya. A ɗakin masu tsananin ciwo da ɗakin keɓe masu cuta mai yaɗuwa, nas na bukatar ta leƙa marar lafiya ba tare da ta shiga ba, marar lafiya kuma na bukatar a suturta shi idan ana canza masa kaya. Manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato za su iya gwada shi a ɗaki ɗaya ko biyu, a bangon ciki inda rana ba ta kaiwa.

Ba sai an fasa gini ba, domin akwai ledar da ake mannawa a kan gilashin da ke nan. Tana aiki ta ƙaramar taransifoma, kuma hawa da saukar wuta na iya lalata ta, danshi ma yana cin gefenta idan ba a liƙe da kyau ba. Kafin a sayo ko mita ɗaya, a fara samun mai gyara a kusa. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, kuma haɗa wayar wannan leda bai fi ƙarfin ɗalibin lantarki da aka nuna wa sau ɗaya ba.