Neman Kyanwar Gida Idan Ta Ɓace a Unguwar Nkembo

Nkembo unguwa ce mai cunkoso a Libreville, babban birnin ƙasar Gabon. An san ta da kasuwarta da kuma cocin Saint-Michel mai ginshiƙan katako 31 da aka sassaƙa. A irin wannan wuri akan ajiye kyanwa, wadda wasu Hausawa ke kira mage ko mussa, don ta hana ɓeraye ɓarna. To, idan wadda ba ta taɓa fita waje ba ta kuɓuce, ina za a neme ta?

Abu na farko shi ne sanin halinta. Kyanwar ɗaka ba ta san titi ba. Da ta ji ƙarar mota ko haushin kare sai ta shige lungu mafi kusa ta yi shiru, ko an kira sunanta ba ta amsawa. Wani bincike da masana na Jami'ar Queensland ta Ostiraliya suka buga a shekarar 2018 ya duba labarin kyanwoyi 1,210 da suka ɓace. Daga cikin waɗanda aka gano, kashi 75 cikin 100 ba su wuce mita 500 daga inda suka kuɓuce ba.

Saboda haka, mai nema ya fara daga ƙofar gida. Ya leƙa ƙarƙashin motoci da teburan 'yan kasuwa, da bayan tarin katako, da cikin magudanan ruwa. Magudanan suna da hatsari, domin Libreville gari ne mai yawan ruwan sama, in ban da watannin Yuni zuwa Satumba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan isha'i ko da asuba, sa'ad da hayaniya ta lafa. Ya riƙe tocila, gama idon kyanwa yana ƙyalli idan haske ya faɗa masa.

Sannan ya sanar da maƙwabta, ya nemi izinin duba ɗakunan ajiyarsu. Ya ajiye ɗan kifi da tsummar da take kwana a kai kusa da ƙofa. Idan ya hango ta, kada ya bi ta da gudu. Ya tsuguna, ya yi mata magana a hankali har yunwa ta fito da ita.

A binciken nan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne aka samu da rai a makon farko. Don haka a fara nema tun ranar, kuma kada a gaji, domin mai nema yana tare da samu.