Motar A-kori-kura ta Faransa da Kishiyoyinta

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa ran da ta ke ci, ya ga wata irin mota wadda ba ta kai lori girma ba, ta kuwa fi ƙaramar motar shiga. Gabanta akwai ɗaki inda direba ya ke zama da mutum biyu, bayanta kuwa buɗe ya ke don kaya. Nan a ke loda buhunan gero da na wake, a ɗaure awaki a gefe, fasinjoji su hau bisa kayan su zauna, karen mota ya maƙale a baya. Sunanta da Hausa a-kori-kura. Ɗalibi ya lura, sunan nan magana ce sukutum aka mai da ita suna, kamar yadda a ke ce da fitilar mai a-ci-balbal, a ke ce da tangaran faɗi-ka-mutu.

Sayen irin wannan mota ba wasa ba ne. Sau da yawa mutum ya kan sayar da shanunsa, ko ya jinginar da gona, kafin ya haɗa kuɗinta. In ya dace da ta kirki, ta ci da shi, ta ci da iyalinsa shekaru masu yawa. In bai dace ba, sai ka tarad da ita a ƙofar gida an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, masu bin bashi kuwa suna sallama. Saboda haka masu wannan sana'a suna da abu huɗu da su ke duba mota da su. Na fari, nawa ta ke ɗauka. Na biyu, ina ta ke iya shiga ta fita. Na uku, in ta lalace wa zai gyara, ina kuma kayan gyaran. Na huɗu, kuɗinta, da na saye da na sayarwa. Da waɗannan za mu gwada motar Faransa da kishiyoyinta.

Motar Faransa da mu ke nufi ita ce Peugeot, wadda Hausawa ke kira Fijo. Babbar ma'aikatar kamfanin tana Sochaux, can gabashin ƙasar, babban ofishinsa kuwa ya daɗe a birnin Paris, a titin Grande-Armée, har 2017. A cikin 1960 suka fito da samfurin 404, a cikin 1967 suka yi mata a-kori-kura. Sa'an nan a 1968 aka nuna 504 a bikin nunin motoci na Paris, ita ma aka yi mata a-kori-kura a 1979. Motocin nan biyu sun yi suna wajen jure gargada da ramuka. A tseren Safari na gabashin Afirka, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, da 1966, da 1967, da 1968, 504 kuma ta ci a 1975. Injinsu ba shi da wani ɓoyayyen abu. Yaron da ya yi 'yan shekaru a garejin maigidansa yana iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya.

To, ina ruwan Lyon da wannan labari? Ga yadda abin ya ke. A cikin 1975 aka fara haɗa Fijo a ma'aikatar da ke Kakuri, a Kaduna. Ba a ƙera ƙarafan a nan, daga Faransa a ke kawo su a warwatse cikin akwatuna, a ɗaura. Amma a shekaran nan tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da jiragen siminti, har jirgi ya kan yi watanni yana jiran sauke kaya. Da Faransawa suka ga haka sai suka bi ta sama. A kan kwaso kayan a manyan motoci zuwa sabon filin jirgin sama na Satolas, kusa da Lyon, wanda aka buɗe a wannan shekara, jiragen kamfanin UTA su ɗauko su sauke a Kano, daga nan a yi da su Kaduna ta mota, tafiyar wajen kilomita 230. An yi shekaru ana haka. Watau dai mota da yawa da suka yi jigilar gero tsakanin Katsina da Maraɗi, sai da suka tashi sama daga Lyon tun ba su taɓa taka ƙasa ba. Da ya ke kuma gwamnati da ma'aikatu duk Fijo su ke saye, kayan gyaranta suka cika kasuwanni. Nan ta tsere wa kowa a ma'auni na uku.

Amma fa tana da aibi guda, ba kuwa ƙarami ba ne. Ƙafafunta na baya kaɗai inji ke juyawa, na gaba tura su a ke yi. A kan kwalta da burji wannan ba kome. In an shiga rairayi mai zurfi ko taɓon fadama, da ƙafar baya ɗaya ta rasa abin kamawa sai ta yi ta juyawa a banza tana tona rami, ɗaya ƙafar kuwa ta tsaya cik. Daga nan sai fasinjoji su sauko su yi ta turi. Motar daji ta sosai kuwa duk ƙafafun huɗu ke ja. Bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfin inji, rabi gaba rabi baya. A cikinsa kuma akwai giyar taimako, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, mota ta yi ta rarrafe kamar kunkuru har ta fita. Waɗansu ma suna da makulli mai haɗa ƙafafun baya su juya tare. Wani injiniya mai suna Henry Dangel, a yankin Alsace, ya shiga mai da 504 mai ja da ƙafa huɗu tun daga 1980, sai dai kaɗan ya ke yi, da tsada kuma, ba su wadatu a kasuwa ba.

Kada mai karatu ya zaci Faransawa ba su san hamada ba ne. Sun san ta sarai, sai dai da manyan motoci suka fi shigarta. Kamfanin Berliet na Lyon, mai ma'aikata a Vénissieux, ya nuna wata gingimari mai suna T100 a Paris a 1957, wadda aka yi don aikin man fetur a Sahara. Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kuma motocinsa tara, masu ja da ƙafa shida, suka taso daga Aljeriya suka ratsa hamadar Tenere har Fort-Lamy, watau Njamena ta yau. Abin da suka yi wa sakaci shi ne ƙaramar motar daji wadda ɗan kasuwa zai iya saye. Wannan ƙofa suka bari buɗe, kishiyoyi suka shigo ta nan.

Kishiya ta fari Baturiyar Ingila ce, Land Rover, wadda aka fara yi a 1948. Ita ce motar rangadi ta zamanin En'e: Di'o, da likitan dabbobi, da malamin gona, duk a cikinta su ke zaga ƙauyuka. Jikinta na alminiyam ne, ba ya tsatsa, wajen shiga daji kuwa ta fi Fijo nesa ba kusa ba. Amma tana shan mai, ba ta da gudu, tana jijjiga mutum har haƙoransa su yi kaɗawa, tana kuma son a riƙa duba ta kullum. Ta dace da gwamnati mai garejin kanta, ba ta dace da mai neman riba a buhun gero ba. An daina yin wannan tsohon samfuri a Ingila cikin Janairu 2016.

Kishiya ta biyu, wadda ta ƙwace gidan, daga Japan ta zo. Toyota ta fito da Hilux a 1968, a 1979 ta yi mata irin mai ja da ƙafa huɗu. Ginin ta na lori ne a ƙanƙance: dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, inji da bodi a ɗaure bisa, sifirin mai falle-falle a baya, cikinta kuma a ɗage daga ƙasa. Ta haɗa ɗaukar kayan Fijo da shiga dajin Land Rover, ta kuwa fi su duka jimawa ba ta nemi bakanike ba. Duniya ta shaida haka a 1987, sa'ad da sojojin Cadi a cikin Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har a ke kiran yaƙin da sunan Toyota. Direbobin Agadas masu bin hanyar Dirku ma sun zaɓe ta. A wannan hanya lalacewar mota ba hasarar kuɗi kaɗai ba ce, in ruwan sha ya ƙare rayuka ke tafiya. Abin mamaki, wanda ke sayar da Toyota a ƙasashen Afirka da yawa masu magana da Faransanci kamfanin Faransa ne, watau CFAO, wanda aka kafa a 1887, ofishinsa kuma yana bayan garin Paris. A 2012 wani reshen Toyota ya sayi mafi yawan hannun jarinsa.

Daga 1986 darajar Naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin talaka, tsofaffin motocin Turai kuma suka yi ta shigowa ta Kwatano. Wajen 2005 aka daina haɗa 504 a Kaduna. A 2020 Peugeot ta fito da wata a-kori-kura ta daji sosai, mai suna Landtrek, wadda ta yi tare da kamfanin Changan na ƙasar Sin, don kasuwannin Afirka da Amurka ta Kudu. Ga yadda ta tsaya da kishiyoyinta sa'ad da ta fito. Wajen kaya kusan kunnen doki ne, ita da Hilux da Ford Ranger kowacce tana ɗaukar wajen ton guda. Wajen inji, nata mai shan gas lita 1.9 ne, ƙarfin doki 150, babban injin Hilux kuwa lita 2.8 ne, ƙarfin doki 204. Wajen ƙetare ruwa, masu ita sun ce tana shiga zurfin santimita 60, Hilux 70, Ranger 80. Wanda zai ƙetare gulbi da damina ya san amfanin taƙi guda.

Mai karatu zai ce, ashe Peugeot ba ta ci tseren Dakar ba? Ta ci, daga 1987 zuwa 1990, da kuma daga 2016 zuwa 2018, Hilux ma ta ci a 2019. Tseren nan daga Paris aka fara shi ran 26 ga Disamba 1978, aka bi ta Agadas da Yamai. Amma motar tsere dabam, motar kanti dabam, sunan kawai suka haɗa. Mai hankali ba ya sayen jaki don ya ga doki ya yi sukuwa.

A Paris da Lyon kansu kuwa, da wuya baƙo ya ga a-kori-kura a titi. Ba a kai Landtrek kasuwar Turai ba sa'ad da ta fito. Titunan tsakiyar gari matsattsu ne, masu sana'a kuma sun fi son rufaffiyar mota don ruwan sama da ɓarayi. Ban da haka, a 2017 Paris ta fara tilasta wa motoci manna takardar shaidar yawan hayaƙinsu, a 2019 gwamnatin Faransa ta sa harajin hayaƙi a kan a-kori-kura mai kujera biyar, a 2020 kuma Lyon ta hana tsofaffin motocin kaya shiga cikin gari. Motar da ke abin alfahari a Maraɗi, can ta zama kaya.

To, wacce ta fi? In hanyarka kwalta ce da burji, kuɗinka kuma kaɗan, tsohuwar 504 ta biya bukatar mutane da yawa, domin ko a ƙaramin gari an san ciwonta an san maganinsa. In aikinka rairayi ne da fadama, Hilux ce gaba, ba don yawan ƙarfin doki ba, sai don kayan gyaranta suna ko'ina, ran da ka so sayarwa kuma mai saye yana nan. Sababbin injuna duka, na Faransa da na Japan, suna da wata matsala guda: da na'ura mai ƙwaƙwalwa su ke aiki, ba su kuma jure gurɓataccen mai, in sun tsaya sai an nemo mai kwamfuta. Saboda haka tsofaffin direbobi su kan ba sabon shiga shawara guda. Kafin ka je kantin mota, fara zuwa kasuwar 'yan kayan gyara ta garinku, ka tambayi abin da ke cikin rumfunansu. Motar da suka san sunan kowane ƙarfe nata, ita ce taka.