Kada Ka Sayar Da Injin Wasanka Don Wasan Haya Na Intanet

Akwai wata shawara da ta fara yawo a tsakanin matasa masu wasan bidiyo, kuma ina so in tare ta tun ba ta yi nisa ba. Wai zamanin sayen PlayStation ko Xbox ya wuce. Ka sayar da naka tun yana da daraja, ka haɗa da faya-fayanka, ka riƙa biyan kamfani kuɗin wata-wata, shi kuma ya riƙa turo maka wasa ta intanet kai tsaye zuwa wayarka ko talabijin ɗinka. Su ma kamfanonin ba su ɓoye cewa can suke so a dosa ba. A Nuwamba 2024 Microsoft ya fito da talla yana nuna waya da kwamfuta da talabijin, yana cewa kowannensu Xbox ne. Ina roƙon duk mai inji a ɗakinsa ya dakata tukuna. Wanda ya sayar ya rabu da abin da ya mallaka ne ya koma ɗan haya, a gidan da mai shi ke da ikon ƙara kuɗi, ko ya rushe shi, duk ranar da ya ga dama.

An riga an rushe irin wannan gida, ba sau ɗaya ba. A Nuwamba 2019 Google ya buɗe Stadia da alkawura masu zaƙi: ba sayen inji, ba jiran saukar da wasa, ka danna ka shiga. Mutane suka saya, suka biya kuɗin wata, wasu suka sayi wasanni a kan cikakken farashinsu, wasannin da ba su zaune a ko'ina sai a kwamfutocin Google. A Yuli 2022, da raɗe-raɗin rufewa ya yi yawa, shafin Stadia ya fito ya ce ba za a rufe ba. Ranar 29 ga Satumba na wannan shekarar aka sanar da rufewa, ranar 18 ga Janairu 2023 aka kashe komai. Google ya mayar wa mutane kuɗin wasanni da na kayan da suka saya a shagonsa, wannan kam ya kyauta, amma bai mayar da kuɗin wata-wata ba, kuma ba wanda zai iya mayar wa mutum lokacinsa. Akwai wani ɗan wasa da ya shafe kusan awa 6,000 yana gina abinsa a Red Dead Redemption 2 a kan Stadia, sai da ya fito duniya yana roƙo kafin kamfanin Rockstar ya tausaya masa. Wannan fa Google ne, mai kuɗin mayarwa. Kafin shi an yi OnLive, wanda ya fara a 2010, ya durƙushe a 2012, a Afrilu 2015 Sony ya saye haƙƙin fasaharsa aka rufe shagon.

Idan ma ba a rufe ba, farashin ba a hannunka yake ba. Xbox Game Pass Ultimate, wanda ta cikinsa Microsoft ya fara bayar da wasan nesa, wato wasan da ake turo maka ta intanet, dala 14.99 ne a wata lokacin da ya fito a 2019. A 2023 ya koma 16.99, a 2024 ya koma 19.99, a Oktoba 2025 aka kai shi 29.99. Cikin shekara shida ya ninka. Dala 30 a wata dala 360 ce a shekara. Shekara biyu ta wuce dala 499 da aka sayar da PlayStation 5 ran da ya fito a 2020, kuma ranar da ka daina biya ba abin da zai rage a hannunka, ko faifai ɗaya. GeForce Now na Nvidia shi kuma awa ya ƙayyade: daga 2025 ya sa wa sababbin masu biya iyakar awa 100 a wata. Tun farkon buɗe shi ma a Fabrairu 2020, cikin 'yan makonni Activision Blizzard da Bethesda da 2K suka janye wasanninsu, mutanen da suka sayi wasannin da kuɗinsu suka wayi gari ba su iya buga su a can.

Duk wannan halin da Ba'amurke da Bature ke ciki ke nan, masu samun albashi da dala da yuro. Namu ya fi haka muni. Kafin Yuni 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. A wannan lissafi dala 30 ta kai naira 45,000 duk wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ko kamfani bai ƙara sisi ba, faɗuwar naira kaɗai ta isa ta ninka maka kuɗin hayar. Injin da ka saya a bara kuwa ka gama da shi, dala ta hau ko ta sauka.

Sannan mu duba yadda abin yake aiki, don a nan ne talla take yin shiru. A wasan nesa ba wayarka ce ke gudanar da wasan ba. Wata kwamfuta ce a can wani katafaren ɗakin ajiyar na'urori take gudanar da shi, tana ɗaukar hotonsa tana turo maka kamar fim. Ka danna maɓallin buga ƙwallo, saƙon ya bar ɗakinka, ya bi turken sadarwa, ya gangara Legas, ya shiga wayar da ke ƙarƙashin teku, ya isa inda kwamfutar take, ta lissafa, ta matse hoton, ta sake turo shi ta wannan doguwar hanya. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce. Haske a cikin irin wannan waya yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, ke nan zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, tun ba a lissafa tafiyar Kano zuwa Legas da cunkoson layi ba. Nvidia da kansa yana neman jinkirin ya kasance ƙasa da kashi 80 cikin 1,000 na daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a gidan gem ya san abin da wannan yake nufi: ɗan wasanka yana gaban gola, ka danna, ƙafarsa ba ta ɗaga ba sai bayan mai tsaron baya ya kwashe ƙwallon, fili kuma ya dagule ya zama tabo-tabo kamar an zuba ruwa a kan hoto. Ba sayen data mai tsada da zai gajarta nisan teku. Microsoft ma bai sa Nijeriya ko Nijar cikin ƙasashen da yake bayar da wannan hidima ba, shi ya sa masu tallata ta a nan suke cewa a bi ta VPN, wato a ƙara wa saƙon wani zagaye, a kuma biya kuɗi a kan abin da kamfani bai yi maka alkawarinsa ba.

Ga kuma datar kanta. Alƙaluman da Google ya bayar a kan Stadia sun nuna awa ɗaya tana cin kusan gigabait 4.5 a hoto mafi rauni, 12.6 a matsakaici, har 20 a mafi kyau. Yaron da yake wasan awa biyu a rana a kan mafi raunin zai ƙone gigabait 270 a wata. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Kuma ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta durƙushe a Ghana da Laberiya da sassan Nijeriya, har manhajojin banki suka ƙi aiki. A wannan rana PlayStation 2 da aka ƙera tun 2000 bai san an yi ba. A ba shi wuta ko ta janareta, a saka faifai, yara su jeru a benci.

Ga masu gidajen gem, ku ne kuka fi kowa abin asara. Injin nan jarinku ne. Idan ya lalace akwai mai gyara a kasuwa, idan kun matsu kuna iya sayar da shi, faifai kuma ana musanya shi, ana ba da aronsa, ana sayen na hannu a rabin kuɗi. Kuɗin wata-wata ba ya sayuwa, ba ya gaduwa, ba a jinginar da shi.

Ba ina cewa inji ba shi da nasa tarkon ba. Sabon wasa yana kai dala 70, kuma masu ƙera injin sun fara zare wurin saka faifai: PlayStation 5 Pro ya fito a Nuwamba 2024 a kan dala 699 ba tare da shi ba. Faifan ma wani lokaci mabuɗi ne kawai. Ubisoft ya kashe kwamfutocin wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, waɗanda suka saye shi a faifai suka ga abinsu ya zama roba. A Janairun wannan shekarar wani jami'in kamfanin, Philippe Tremblay, ya faɗa a fili cewa ana so 'yan wasa su saba da rashin mallakar wasanninsu. Kashe The Crew ya harzuƙa mutane, aka kafa gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake biya. Can suna da majalisun da suke saurarensu a kan wannan. Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da aka rufe wa asusu, wa zai kai wa ƙara? Kuma duk mutumin da ya bar faifai ya koma haya yana ba kamfanonin ƙarin hujjar daina buga faifan, ranar da suka daina kuwa kasuwar na-hannu da talakanmu ke wasa da ita ta mutu.

Wanda zai sayi inji ya nemi mai wurin faifai, ya tambayi mai shago ko wasan yana tashi ba tare da intanet ba kafin ya miƙa kuɗi. Wanda yake son ɗanɗana wasan nesa ya biya wata ɗaya tak, ya gwada shi da dare lokacin da layi ya cika, ya duba yawan datar da ya ci. Iyaye kuma, don Allah, idan yaro ya zo ya ce Baba ko Umma a ba shi kati ya saka na wata ɗaya, ku sani waɗannan tsare-tsare suna sabunta kansu duk wata, su ciri kuɗi ba tare da sun sake tambaya ba. Ku zauna tare da shi ku shiga saitin asusun, ku kashe sabuntawar a ranar da aka biya, sannan ku cire lambar katin.